Gabana Haske, Bayana Duhu

Jama'a, wanda ya san zai yi mini dariya ya yi abarsa tun yanzu ya gama, don in na fara ba na son a katse ni. Ni da kaina na yi dariyar har cikina ya ƙulle, na yi kukan ma na share hawaye, yanzu ba da labari kawai ya rage.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, a gidanmu Hajiya Na-iya ake ce mini. Yayana ne ya raɗa mini tun ina ƙarama, saboda duk abin da aka zo nuna mini, kafin mai nunawa ya rufe baki na ce "na iya". Ɗinki na iya, gyaran fanka na iya, har yau fankar ɗakin Mama baya-baya take juyawa. Ina aiki a wani ofishi da ake sayar da tikitin jirgi, inda nake wuni ina ba mutane shawara kan sanyin ƙasashen da ban taɓa takawa ba, kai ka ce a can aka yanke mini cibiya.

Shi kuma mutumin da gidanmu ya ƙi zama lafiya a kansa, ni da ƙanwata Auta muka sa masa Malam A-hankali. A asibiti yake aiki, shi ne mai ɗaukar hoton ƙashi in an kawo wanda ya karye. Dogo ne, mai tsabta, rigarsa kullum a goge, kuma tun da nake da shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In ya zo wajena sai ya juya motarsa ta fuskanci hanya kafin ya fito. In ya ɗauke ni zuwa ofis ba zai tayar ba sai ya ji ƙarar ɗaura bel ɗina. Wata rana da na makara na ce masa don Allah ya ɗan taka, mai keke ma ya wuce mu, sai ya yi murmushi ya ce, "Ranki ya daɗe, masu saurin nan duk ina ganinsu a wurin aiki, a kwance ake turo mini su."

To ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wace budurwa ce take son a yi mata zancen karyayyen ƙugu da sassafe?

Mama kuwa kamar ta haɗiye shi don so. "Irin wannan ake roƙon Allah ya ba 'yar mutum," in ji ta, kullum. Baba bai cika magana ba, amma wata rana ya kira ni falo ya rage ƙarar talabijin, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana. Ya ce, "Ba mai tilasta miki. Amma ba a shanya ɗan mutane a rana. Ranar Asabar ki je wajen Gwaggonki ki faɗa mata ko za ki aure shi, e ko a'a, ita za ta kawo mini." Gwaggo yayar Baba ce, kuma a danginmu duk maganar da ta shiga falonta ta fito, ta zauna ke nan.

Ni kuwa na riga na yanke. A'a zan ce. Ba don ya yi mini laifi ba, wallahi ko harara bai taɓa yi mini ba. Ni dai gani nake rayuwata tana bukatar ɗan motsi, ɗan tashin hankali mai daɗi, mutumin da zai sa gabana ya faɗi in na ga kiransa. Shi in na ga kiransa hamma nake yi.

Sai maganar mota. Yaya ya tafi kwas, ya bar sabuwar motarsa baƙa wuluk a rumfa, ya ba Mama makulli ya ce a riƙa ɗumama ta da safe kawai. Ni da na koyi tuƙi a tsohuwar motar Baba, wadda sai ka yi mata addu'a kafin ta tashi, tun ranar idona yake kan makullin nan. Na bi Mama da magiya, na bi Yaya a waya har ya gaji.

"Kin san kan motar nan kuwa?" ya ce. "Ba irin ta Baba ba ce fa."

"Haba Yaya. Na iya."

"Na san za ki ce haka."

Ana saura 'yan kwanaki Asabar ɗin, Malam A-hankali ya zo, ya same ni zaune a cikinta ina danne-danne. Ya sunkuyo ta taga ya fara yi mini bayani. Ya nuna wani maɓalli a jikin sitiyari ya ce wannan shi ne kurus, in kin hau babban titi kin kai gudun da kike so kin danna shi, motar za ta riƙe gudun da kanta, ba sai ƙafarki tana kan totur ba. Nan kunnena ya buɗe. Sai ya ci gaba da cewa, "Amma fa ba a kunna shi in ana ruwa, ko a cunkoso, ko..." Nan kunnen ya rufe. Ya nuna mamurɗin fitila a gefen sitiyari ya ce, "Wannan ki bar shi inda yake, da duhu ya yi zai kunna fitilu da kansa. In kin ga ɗan koren haske a dashbod..."

"Malam, na iya," na ce, ina duba jan bakina a madubi.

Ya ce, "To, ranki ya daɗe."

Ranar Asabar da yamma na ci ado kamar mai zuwa karɓar kyauta, ba mai zuwa korar mutum ba. Doguwar riga ruwan toka mai duwatsu a hannu, jan mayafi, sai takalmin nan mai tsini da na saya tun bara ban taɓa sawa ba saboda yana cizon ɗan yatsa. Auta tana zaune a kan gadona tana cin biskit tana zubar mini da gari a zanin gado.

"Anti, da gaske korarsa za ki yi?"

"Ke ina ruwanki?"

"Ni dai shi yake kawo mini cakulan. Duk wanda za ki kawo nan gaba ki gaya masa sharaɗin."

Na ce in ta gama surutu ta zo ta ɗauke ni hoto a gaban mota. Muka shiga rumfa, na tayar da motar don ta fito da kyau, ita kuwa da ta ji duhun rumfar sai ta kunna manyan fitilunta fau. Auta ta ɗauka ta duba ta ce, "Anti hasken nan ya cinye fuskarki, kamar fatalwa kika fito." Na leƙa ciki na kama mamurɗin nan da aka ce in bar shi inda yake, na murɗa shi har ƙarshe. Manyan fitilun suka mutu, sai wasu sirara guda biyu suka rage a gaba, farare, kamar an ja wa motar kwalli. Auta ta ce waɗannan su ne daidai. Muka sha hotuna, na dafa bonet, na juya gefe, na yi kamar ina kallon nesa. Ban koma kan mamurɗin ba.

Sai na ga bai kamata Malam A-hankali ya ji a bakin Gwaggo ba, gara ya ji daga gare ni. Kiran waya kuwa ba zan iya ba, don in ya ce "to, ranki ya daɗe" da muryar nan tasa jikina zai yi sanyi. Na zauna a mota na rufe gilashi na ɗauki saƙon murya. Na goge, na sake, na goge, har na samu wanda ya yi mini. Bari in faɗa muku abin da na ce, tun da na riga na zubar da mutuncina a gabanku.

"Malam, kai mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Amma gaskiya ni da kai ba tafiyarmu ɗaya ba. Zama da kai ji nake kamar na maƙale a bayan tirela a hanyar da ba wurin wucewa. Yanzu zan tafi wajen Gwaggo in faɗa mata. Ka yafe ni."

Har daɗi na ji da misalin tirelar nan, na ce lallai ni da marubuciya na zama. Na tura, na kashe wayar gaba ɗaya don kada ya kira, na jefa ta jaka na cilla kujerar baya. Na koma ciki na yi wa Mama sallama, ta tsare ni da nasiha, ta sa na canza ɗan kunne, ta haɗa ni da saƙon Gwaggo a leda. Kafin in fito hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

"Ki bari ruwan nan ya sauka mana," in ji Mama.

"Mama motar nan ba ta san ruwa ba."

Gwaggo tana sabuwar unguwa can bayan gari, sai ka hau babban titi ka yi tafiya mai ɗan nisa. Ina fita daga layinmu aka fara yayyafi, ina hawa babban titi aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ga magariba ta kawo kai, ga hadari, gari ya yi duhu lokaci guda. Na yi ta lalube har na samo waifa. Fitila kuwa ko tunaninta ban yi ba, kuma ina da hujjata. A motar Baba dashbod ba ya haske sai ka kunna fitila, in ka ga lambobi sun haska to fitilarka tana kunne. A motar Yaya kuwa dashbod yana ta walwali kamar shagon gwal, ga ɗan farin haske ina gani yana sauka a kan titi gabana. Me kuma ya rage?

Sai motocin da ke tahowa ta ɗaya hannun suka fara ƙyafta mini fitila. Ta farko ta yi, ta biyu ta yi. Wata motar haya ta jero da ni, direban ya sauke gilashi cikin ruwan nan yana buɗe yatsunsa yana rufewa, yana nuna ni.

'Yan uwa mata, kun san abin da ya zo mini a rai? Na ce ashe jan mayafin nan ya karɓe ni haka. Na ce maza ba su da kunya, ana wannan ruwan ma ba za su bar mace ta wuce ba. Na ɗaga hanci na gyara zama, har na ce a zuciyata, ka gani ko Malam A-hankali, kasuwata ba ta mutu ba. Gaskiyar Hausawa, rashin sani ya fi dare duhu, ni ranar duka biyun na haɗa.

Ana haka takalmi ya fara aikinsa. Ɗan yatsana kamar an sa shi a bakin ƙofa an rufe. Sai na tuna da kurus. Na taka har allura ta kai inda nake so, na danna maɓallin, na ɗaga ƙafa a hankali. Motar ta ci gaba da tafiya abarta. Wayyo daɗi! Na zare takalmin na bar shi nan ƙasa, na janye ƙafar na naɗe ta can gindin kujera ina murza yatsan da ɗaya ƙafar. Ji nake kamar ni ce matuƙiyar jiragen da nake sayar wa mutane tikitinsu.

A lokacin na lura da motar da ke bayana. Ban ga kalarta ba, ban ga mai tuƙa ta ba, ruwa ya rufe gilashin baya, fitilu biyu kawai nake gani a madubi. Tana ƙyafta mini haske, ga fitilunta na gargaɗi suna ta walƙiya hagu da dama. Na koma ɗaya layin, ta koma. Na dawo, ta dawo. Ba ta matso ba, ba ta wuce ba, tana nan liƙe da ni. Manyan motoci suna tahowa daga baya da ƙarar ham, su kauce su wuce mu suna watsa mini ruwa, ita tana nan.

Yanga ta gudu, tsoro ya zo. Na tuna duk labaran da ake turowa a waya na masu bin mata a mota. Na ce shi ke nan, kyau ya ja mini. Na lalubi maɓallin ƙara gudu a sitiyari na danna, na sake dannawa. Motar Yaya ta ƙara wuta. Ta bayana ma ta ƙara.

Akwai wani wuri da titin ya ɗan yi kwari kafin gada, ruwa ya kwanta a wurin, ni ban gan shi ba sai da na shiga. Sitiyarin ya yi sakayau a hannuna kamar an cire shi daga jikin motar. Na murɗa kaɗan, motar ba ta ji ba. Injin kuwa sai ƙara yake, yana neman gudun da na ba shi umarni. A motar Baba in ka tsorata ɗaga ƙafa kake yi ta rage da kanta, to ni wace ƙafar zan ɗaga? Ƙafata tana can gindin kujera tana hutawa. Na jawo ta ina lalube, na taka takalmi, na ture shi, na taka wani abin da ba shi ba, bakina yana ta salati, sannan tafin ƙafata ya sami birki. Ina taɓawa kurus ya saki. Bayan motar ya yi hagu, ya yi dama, ƙarfen gefen gada ya taho ya wuce ta jikin tagata kamar zan miƙa hannu in shafa shi, sannan na ji tayoyi sun kama ƙasa.

Ban san yadda na gangara gefen titi ba. Na dai tsinci kaina a tsaye gaban wani gidan mai da aka rufe, mayafin da ya karɓe ni ya zame ya rufe mini ido ɗaya.

Motar nan ta tsaya a bayana. Ƙofa ta buɗe, wani dogo ya fito da lema. Na danna makullin ƙofofi, na sunkuya na ɗauko takalmin na riƙe shi ta gaba, tsinin yana sama. Na ce yau ko ni ko shi. Ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi da ɗan yatsa, a hankali, sau biyu, kamar mai neman izinin shiga ofis.

Tun daga ƙwanƙwasawar nan na gane shi.

Na sauke gilashi. Malam A-hankali ne, da lemarsa, don shi ko a tsakiyar rani da lema a motarsa. Amma fuskarsa ba wadda na sani ba ce. Leɓensa yana rawa, idonsa ya yi ja.

"Ba ki bugu ba? Wuyanki? Motsa hannunki in gani."

Na motsa hannun da ke riƙe da takalmi. Ya kalli takalmin, ya kalle ni. Na sauke shi a hankali.

"Kai ne kake bina?"

"Ni ne."

"Tun daga ina?"

"Tun daga ƙofar gida. Ranki ya daɗe, fito ki ga wani abu. Bar motar a kunne."

Na fito da takalmi ƙafa ɗaya, ina ɗingishi a cikin ruwa, ya riƙe mini lema shi yana jiƙewa. Ya kai ni bayan motar, ya je ya kashe fitilun tasa na ɗan lokaci, ya dawo ya ce in duba. Na duba ban ga komai ba. Motar Yaya tana gabana, taku kaɗan tsakaninmu, injinta yana aiki, amma baƙar mota ce a cikin baƙin ruwa, ko ɗigon ja babu a bayanta. Wata tirela ta taho ta wuce, iskarta ta kusa fizge lemar, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafata.

"Haka kike tun da kika fito," ya ce. "Siraran fitilun nan na gaba na rana ne, don a gan ki daga gaba. Ba sa kunna na baya. Manyan motocin nan da suke kauce miki, ba ke suke gani ba, ni suke gani."

Ya sake kunna nasa, muka koma, ya nuna mini mamurɗin ya ce in mayar da shi inda yake. Na murɗa. Titi ya haske har can nesa, ɗan koren haske ya fito a dashbod, jan haske ya sauka a kan ruwan da ke bayanmu. Sai a lokacin na tuna da direban motar haya da yatsunsa. Kunya ta rufe ni, da ƙasa za ta tsage da na shige da takalmina ƙafa ɗaya.

"Kuma kin kunna kurus," ya ce.

"Wa ya gaya maka?"

"Tun da muka hau babban titi fitilar birkinki ba ta kama ba ko sau ɗaya, gudun kuma bai sauka ba, ko a gangara ko a hawa. Shi kurus bai san an yi ruwa ba. In taya ta hau kan ruwa ta daina taɓa ƙasa, shi gudun da aka ba shi kawai ya sani. Ko a busasshen titi ma ƙafa ba ta nisa da birki." Ya ɗan tsaya, ya share ruwan fuskarsa. "Da kika shiga kwarin nan na ɗauka gobe ni zan ɗauki hotonki."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Jama'a, ni da nake neman wanda zai sa gabana ya faɗi, a nan gefen titi gabana ya faɗi, faɗuwar da har yanzu bai tashi ba. Na buɗe baki, kalmar nan tawa ta zo har kan harshe don sabo, na haɗiye ta.

"Ban iya ba," na ce.

Ya kalle ni kamar bai ji daidai ba. Sai ya ce in cire ɗaya takalmin ma in jefa su baya, kada wani ya gangara ƙarƙashin birki. "Mu je in raka ki. Ni zan shiga gaba, ki bi jajayen fitiluna, ki bar tazara."

Ina zama a mota saƙon ya faɗo mini a rai. Amma na yi lissafi: mutumin da ya ji an kira shi tirela ba zai tsaya yana riƙe wa mutum lema ba. Kuma na san shi, ba ya taɓa waya in yana tuƙi. Wato bai saurara ba tukuna. Ya dai zo gida kamar yadda ya saba, ya ga na fita, ya biyo ni. Da mun isa zan kunna waya in goge saƙon, in shiga in ce wa Gwaggo e, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Har na yaba wa kaina da wayo.

Muka kama hanya. Yana gaba, ina baya, a gudun nan nasa da mai keke yake wucewa. In ya ga ruwa ya kwanta, jajayen fitilunsa su ƙara haske, ni ma in taka birki. In zai kauce wa rami ya sa sigina tun daga nesa. Ga ni dai a bayan tirelar da na faɗa, a hanyar da ba wurin wucewa, kuma tun da na fara tuƙi ban taɓa jin kwanciyar hankali irin ta wannan tafiyar ba. Ina tuƙi ina hawaye, waifa tana share na waje, na ciki ba mai sharewa.

Kafin mu shiga layin su Gwaggo ruwa ya tsagaita. Ya tsaya a ƙofar gidan, na tsaya a bayansa. Bai fito ba. Ya sauke gilashi ya leƙo da kai ya ce, "Ki gaishe da Gwaggo." Ya ja motarsa a hankali.

Na yi wuf na jawo jaka daga baya, na zazzage ta a kan kujera, jan baki da turare suka gangara ƙasa. Wayar kamar da gangan, ta ɗauki shekara kafin ta kunnu. Na buɗe saƙon, yatsana yana kan gogewa.

Alamar ta riga ta zama shuɗiya. Ya saurara. A ƙasa kuma ga amsarsa, rubutacciya, wadda ya turo tun ina fita daga layinmu:

"Na ji saƙonki. Na zo ne in ce miki ba komai, kada ki je wajen Gwaggo da nauyi a zuciya, sai na ga kin fita. Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Amma ki kunna fitilarki, bayanki duhu ne."

Wato ya ji. Ya ji tirela, ya ji hanyar da ba wurin wucewa, ya ji komai, sannan ya sa motarsa tsakanina da manyan motoci tun daga ƙofar gidanmu har gada.

Na ɗaga kai. Jajayen fitilunsa suna can suna ƙanƙancewa, sun kusa ƙarshen layi. In kira shi? Ba zai ɗauka ba, yana tuƙi. In bi shi da gudu? Ba takalmi, kuma ranar na gama gudu. Na kama sandar fitila na ja ta wajena. Wani shuɗin haske ya fito a dashbod, dogon haske ya cika layin har ƙarshensa. Na saki, na ja, na saki, na ja, kamar yadda aka yi ta yi mini a hanya ina ɗaga hanci. Daga baya na tura ta gaba na bar shi a kunne.

Jajayen fitilun suka ƙara haske. Ya taka birki. Na ce kada ki yi saurin murna, Hajiya Na-iya, akwai tudun rage gudu a bakin layin nan, kuma kin san mutumin da tudu.

Sai wasu farare biyu suka kama a ƙarƙashin jajayen.

Ya dawo da baya, a hankali mana, da me kuke tsammani, har ya daidaita tagarsa da tawa. Ya sauke gilashi yana kare idonsa da hannu.

"Ranki ya daɗe, ba a kunna wa na gaba dogon haske. Kin kashe mini ido a madubi."

"Na sa..." na fara, na kama bakina. "Ban sani ba. Ka koya mini."

Bai yi dariya ba.

"Malam, saƙon nan... ka goge shi."

"Ko na goge a waya, na riga na ji da kunnena," ya ce. Ya mayar da ido kan sitiyarinsa. "Kuma ba na son a ce mini e don an tsorata a gada. Tsoro yana wucewa zuwa safiya. In kina da wani saƙon, ki turo. Zan saurara in na isa gida na ajiye mota."

Ƙofar gidan ta yi ƙara. Gwaggo ce da kanta, da tocila a hannu da tawul a ka, ta haska shi, ta haska ni, ta haska ƙafafuna da ba takalmi da na zuro waje.

"Ke 'yar nan, tun ɗazu nake ganin walƙiya a labule, ashe ke ce. Shayina har ya huce. To ga ki ga shi, kin hutar da ni. Me zan faɗa wa ubanki?"

Malam A-hankali ya gaishe ta cikin ladabi, ya sa sigina duk da ba kowa a layin, ya ja motarsa ya tafi.

"Gwaggo ki ba ni minti ɗaya," na ce.

Na mayar da dogon haske ƙasa, na danna alamar ɗaukar murya na riƙe. Jan ɗigon yana ƙyaftawa, daƙiƙu suna tafiya, Gwaggo tana tsaye da tocila a fuskata. Ni da na tsara korar mutum har da misali, yau ga kalma ɗaya tak, harafi ɗaya ma, na san ta, ina nufinta har cikin raina, na kuma rasa yadda zan faɗe ta ya yarda.

"To faɗi mana," in ji Gwaggo. "Ba ke ce Na-iya ba?"